Shayin Da Na Zubar A Bayan Raga

Ni dai ƙwallo ba ta taɓa damuna ba. Da ba don Suhaib ba, babu abin da zai tsayar da ni cikin sanyin Disamba ina kallon ƙarti ashirin da biyu suna bin abu ɗaya. Amma ƙanena ne, ni na riƙe shi tun rasuwar Mama, kuma shi ne mai tsaron ragar wata ƙaramar ƙungiya a unguwarmu ta Camberwell a London. Ya ce min ranar Asabar wani babban kulob zai turo mutum ya duba wasansa. Na roƙi wata ta karɓar min aikin ranar a asibiti, na ja ƙawata Kachollom, muka hau jirgin ƙasa zuwa Croydon, daga nan muka shiga ƙaramin jirgin cikin gari, tram, har ƙarshen layi.

Filin masu masaukin tsoho ne tukuf. Katangar kwano duk tsatsa, ƙofar shiga tana kuka kamar injin markaɗe, ga warin soyayyar albasa da jiƙaƙƙiyar ciyawa. Mu baƙi ba mu kai talatin ba.

A irin waɗannan ƙananan filayen babu mai kujera. Kowa yana tsayawa ne a bayan ragar da 'yan wasansa ke kai wa hari, in an je hutun rabin lokaci sai a yi musanya. Da aka busa hutu, namu suka zagaya. Amma masu gida ba su koma ɗaya ɓangaren ba, suka jeru a gefen fili, suka bar wata tsohuwar rumfa mai matakalan siminti wayam. A gabanta Suhaib zai tsaya.

Na tambayi wani dattijon Bature mai kula da ƙofa ko an hana tsayawa a can.

"Ba a hana ba," in ji shi. "Mu dai in rana ta faɗi muna bar wa tsofaffin 'yan kallo."

Na yi dariya, na ɗauka barkwancin Turawa ne. Na ce wa Kachollom ta zo mu je bayan Suhaib.

"Karimatu, ni kam ina nan inda mutane suke," ta ce.

Na sayi shayi na tafi ni kaɗai. Ƙarfe huɗu ya gota, magariba ta yi, an kunna fitilun fili amma haskensu bai kai cikin rumfar ba. Na kurɓi shayin, zafi kamar wuta, ba suga, ba daɗi. Na yi tsaki na watsa shi cikin wata tsaga da ke tsakanin matakala.

Ban yi bisimilla ba. Tun ina 'yar shekara biyar na san ba a zubar da ruwan zafi da magariba haka nan. Amma wa ke tuna aljani a London?

Sai na ji kuka daga ƙarƙashin simintin. Siriri, na jariri. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya, na san kukan yunwa, na san kukan ƙuna. Wannan na ƙuna ne.

Ya tsaya ɗif.

Hayaniyar fili ta yi nisa, kamar an toshe min kunne da auduga. Warin albasa ya ɓace. Wani wari ya taso, na tsohuwar taba da jiƙaƙƙen bargo. A bayana na ji ana jan ƙafa a kan matakala, mutum ɗaya, biyu, da yawa. Ana numfashi a ƙeyata.

Ban juya ba. Na kalli ƙarfen da nake dafe da shi. Dama da hagu hannaye ne jere a kai, dogaye, farare fat.

Wata gajeriyar tsohuwa ta tsaya a gefena cikin baƙar kwat. Ba ta kalle ni ba, fili take kallo. Da Hausa ta yi magana, a hankali.

"Shekara ɗari muna kallo a nan."

"Wallahi ban sani ba," na ce.

"Su ne ba su sani ba, shi ya sa muke ƙyale su. Ke kin sani."

Ta buɗe gaban kwat ɗinta. Akwai abu a ciki yana motsi. Na runtse ido, amma hancina ya gaya min, don na san warin nan a asibiti.

"Jikata ce," ta ce. "Hannu biyu kika ƙona mata."

Na fara Ayatul Kursiyyu. Na kai tsakiya ta kakare, na sake farawa, ta sake kakarewa. Tsoro ne ya cika ni, irin wanda ban taɓa ji ba.

Ta miƙa yatsa zuwa raga. "Wancan mai safar hannun naki ne?"

"A'a," na ce. "Ban san shi ba."

A daidai lokacin Suhaib ya waiwayo. Ni kaɗai ya gani a rumfar. Ya washe baki ya ɗago min hannu.

"Yaya Karima!"

Tsohuwar ta yi dariya ƙasa-ƙasa, na bayana ma suka taya ta.

Aka ba masu gida bugun kwana. Suhaib ya gyara tsayuwa. Sai na ga tururi yana fita daga safar hannunsa, duka biyun. Ya yarfe su. Ya sake yarfewa yana kallonsu.

Hannayen nan su ne duk abin da ya mallaka a duniya.

Na cire safar sanyin da ke hannuna, na shimfiɗa hannun dama a kan ƙarfen.

"Ni na zuba," na ce. "Shi bai san komai ba. Ga nawa."

Ta juyo. Ban kalli fuskarta ba.

Ta ɗora tafinta a kan nawa. Da farko sanyi.

Sannan zafi.

Na cusa bakin hijabina a baki na cije. In na yi ihu zai waiwayo, ga ƙwallo a sama tana tahowa. Ina jin fatata tana tashi. Ina kallonsa ta cikin hawaye.

Ya yi tsalle ya cafe.

Tururin ya ɗauke.

"Kawo ɗayan," ta ce.

Hannuna na hagu ya fara tashi da kansa. Sai hasken tocila ya dallare ni, wani ya damƙi kwat ɗina ta baya ya fizge ni. Dattijon nan ne, Kachollom a bayansa tana kiran sunan Yesu. Ya ja ni a guje har ƙarƙashin fitilu, bai waiwaya ko sau ɗaya ba. Amma kafin mu fita daga inuwar rumfar na ji muryar a cikin kunnena.

"Saura ɗaya. Naki ko nasa, wanda muka fara tararwa."

Sau biyu aka yi min aiki a hannun. Yatsu uku ba sa lanƙwasuwa, an mayar da ni ofis, na daina taɓa marasa lafiya. Na ce wa kowa shayi ne ya zube min, har yau Suhaib yana tsokanata da hakan. Kulob ɗin nan ya ɗauke shi.

Yanzu babu wasansa da ke wuce ni, gida ko waje. Ba na bin namu in an yi musanya. Bayan ragarsa nake tsayawa, cikin magoya bayan wasu, suna zaginsa ina ji. Yana cewa ƙwallo ta shiga jinina, ni kuwa har yanzu ban san dokokinta ba. In magariba ta kawo kai, komai sanyi, sai in cire safar hagu in shimfiɗa hannun a kan ƙarfe, inda za a fara ganinsa.