Kwaɗo Mai Laima

Ranar da ta fara shigowa shagon, Mai Gyara yana durƙushe yana hure ƙura daga cikin wani tsohon injin gem. Da ya ɗago sai ya ga budurwa da fensir soke a gefen ɗankwalinta, ta rungumo kwali cike da tsofaffin kaset.

"Sannu da aiki. An ce kai kaɗai ka rage da injin da ke cin waɗannan."

Ya ce eh, ya ce a'a, sannan ya tuna abin da aka tambaye shi, ya sake cewa eh.

Ta yi dariya ta zauna a kan benci. Ashe babanta ne mai kamfanin da ya yi wasannin. Za su fitar da sabon gem na faɗa, wanda za a tara jaruman tsofaffin wasanninsu su gwabza da juna, don a tuna daga inda kamfanin ya faro. Ita ce mai zane, kuma ita aka ba zaɓen. Jaruman da yawa, guraben kaɗan.

Tun daga ranar kullum da yamma tana shagon. Ya sa mata suna Fensir. Ita kuma ta ce tunda haka ne, shi Sukudireba, don kullum akwai ɗaya a bayan kunnensa. A haka soyayya ta shiga tsakaninsu, har suka fara maganar aure.

Zaɓen dai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A ɗauki wanda ya fi farin jini ne, ko wanda ya riga zuwa? Sarkin Takobi ma a wasa uku ya fito, a na farko da gemu, a na biyu babu, a na uku kuma ya koma mace.

"To wanne ne shi?" in ji ta.

"Wallahi Fensir, ni ma tun ina yaro nake wannan tambayar."

A can ƙasan kwalin suka ciro wani kaset mai hoton kwaɗo riƙe da laima. Mai Gyara ya karɓa yana shafa shi. Da wannan ya koyi riƙe hannun gem. Babu faɗa a ciki. Ruwa ne ke sauka, kwaɗon yana tare wa 'yan tsaki da laimarsa har ruwan ya ɗauke.

"Ba ya duka?"

"Ko sau ɗaya. Amma ki sa shi, don Allah."

Ta zana shi, masu haɗa gem suka sa shi a na gwaji.

Matsalar ita ce Manaja, ɗan wan babanta, mai kula da talla, wanda ya daɗe yana sonta. Shi ya kai wa Baba labari cewa wani mai gyara ne ya cusa kwaɗon. Baba kuwa wannan ne wasansa na farko. Ba a saya ba, abokai suka yi shekaru suna kiransa Baban Kwaɗo. Ya ɗauka ba'a aka shirya masa a cikin gidansa.

Da hantsi saƙonta ya shigo:

"Sukudirebana, Baba ya ce a cire kwaɗon, kuma manyanka kada su zo maganar aurenmu. Ban san me zan yi ba."

Ya karanta, ya juya wayar, ya sake karantawa. Shi a saninsa yabo ya yi. Ya rubuta:

"Fensir ɗina, ni ban gane laifina ba, amma ki ba shi haƙuri a kan ko ma mene ne."

Shiru, ba amsa. Washegari ya hango ta a motar Manaja. Ranar sai da ya ɗaura wa wani injin murfinsa a juye, ya kwance, ya sake ɗaurawa a juye.

Ashe wurin Mama, mahaifiyarta, ya kai ta, ta yi kukanta. Mama ta sami Baba ta ce ba a yanke wa mutum hukunci ba a ga fuskarsa ba.

"To ya zo," in ji Baba. "Ya ɗauki kwaɗonsa, ni in ɗauki Sarkin Takobi. In ga abin da ya gani a jikinsa."

Da Mai Gyara ya zo, a ƙofar falo Manaja ya tare shi, ya ce cikin raɗa, "Shawara kyauta, ka bari ya ci ka. Baba ba ya son raini."

Bai gama jin wannan ba wayarsa ta yi ƙara, saƙon Fensir ne:

"Masoyina, kada ka bari ya ci ka. Baba ba ya son mai lallaɓa shi."

Mama kuma da ta kawo ruwa ta ce, "Ɗana, ka dai yi abin da ya dace."

Ya durƙusa ya gaida Baba, ya zauna a ƙasa, aka miƙa masa hannun gem. Aka fara. Sarkin Takobi ya taso da sara. Yatsan Mai Gyara ya je kan maɓallin duka ya tsaya. Ya za a yi ya ɗaga hannu ya doki uban Fensir, ko da a talabijin ne? In kuma ya tsaya aka kashe shi, ta ce kada. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya danne maɓallin laima, ya riƙe.

Baba ya sara ta sama, laima. Ya sara ta ƙasa, laima. Ya yi tsalle ya faɗo da takobi, kwaɗon ya ɗan matsa gefe ya sake buɗe laimarsa.

"Kai, ka yi duka mana."

"Baba, ba zan iya ba."

"Tsoro kake ji?"

"A'a Baba. Kwaɗon ma ai bai taɓa dukan kowa ba."

Lokaci ya ƙare, ba wanda aka ji wa ciwo, ma'aunin jinin kowa a cike. Injin ya rubuta canjaras. Manaja ya ce a sake, ba wanda ya kula shi.

Baba ya ajiye hannun gem, ya daɗe yana kallon kwaɗon. Sannan ya nuna 'yarsa da haɓa.

"Wannan tana ƙarama, in aka yi tsawa sai ta shige ƙarƙashin teburina. Don ita na yi shi. Na zaci duk duniya ba wanda ya buga shi har ƙarshe."

"Na buga, Baba. A ƙarshe 'yan tsakin suna bin sa gida."

Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Fensir tana bakin labule, ta rufe fuska da mayafi.

"To yanzu Baba," in ji Mai Gyara a hankali, "na ci ne ko na faɗi?"

"Ni ma ban sani ba. Ka dai turo manyanka."

Da gem ɗin ya fito, kwaɗon ne a gurbin farko, gaban Sarkin Takobi mai gemu. Ranar ɗaurin aure aka tashi da yayyafi, Manaja da kansa ya riƙe wa ango laima, yana cewa talla ce kawai yake yi. Baba ya haɗa hannayen ango da amarya ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kare su daga duk ruwan da zai sauko. Kowa ya ce amin, ango ya ce amin sau biyu, don bai tabbata an ji na farkon ba.