Sunan Muhyiddeen a Jikin Tsamiya

Ana gab da kiran magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Hajiya Saudatu. Ɗanta Ridwan na tsugune yana alwala. Ya ɗaga kai, bai ga kowa ba sai tsohuwar tsamiyar bayan ɗaki, da 'yar fitilar rauta tana ƙyaftawa a jikinta.

Rautar, na'urar da ke ba gidan intanet, ta wansa Muhyiddeen ce. Shi ya sayo ta yana ɗalibi a jami'ar Wudil, ya sa mata sim, ya haɗa ta da batirin sola, ya raɗa wa waifai ɗin sunansa. Da damina kogi ya tafi da Muhyiddeen. Tun daga nan Hajiya ba ta kallon komai a waya. Takan zauna bayan la'asar, ta jira wayar ta nuna ta haɗu da Muhyiddeen, sai ta kifa ta a ƙirji.

Da sabis ya fara yankewa, Ridwan ya yi duk abin da ya ga wansa na yi. Ya kashe ya kunna. Ya zare sim ya goge da bakin riga. Ya zagaye gidan da rautar a hannu, ba inda sabis ya cika sai gindin tsamiya. Nan ya buga ƙusa, ko bisimilla bai yi ba, ya rataye ta cikin leda.

Jifa ya zama na kullum, da zarar rana ta yi ja. Sannan Lubabatu, autar gidan, ta daina cin abinci. Ta rame har awarwaro na zamewa daga hannunta. Wata yamma aka same ta a gindin tsamiya ta toshe kunnuwa, tana gurnani da muryar tsohuwa.

Aka ɗauko Malam Abdulbaƙi daga Dagumawa. Ya zauna a tabarma ya daɗe yana karatu, har kaji suka shige akurki, gidan ya yi tsit. Lubabatu ta ɗago, idanunta sun juye.

"Malam, ba da kai nake ba."

"Ni da ke nake. Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba komai. Wancan ne ya soka min ƙarfe a bango, ba sallama. Kuma abin da ya rataya ba ya shiru. Muhyiddeen, Muhyiddeen, dare da rana. Ku ba kwa ji, mu muna ji. 'Ya'yana sun kasa barci. Sun hana nawa sakat, zan tafi da tasu."

Ridwan ya ruga ya sauko da rautar, ya zare ƙusar.

"An cire," in ji Malam. "Fita, ki ji tsoron Allah."

Ta yi wata dariya a bushe. "Kiran yana ratsa katanga. Mamaci suke kira, ba ya amsawa, mu muke shan kukan. A daina kiransa, in tafi."

Malam ya dubi Ridwan. "Ana iya sauya sunan?"

"Allah gafarta Malam, lambar sirrin shiga ciki Yaya kaɗai ya sani. Sai dai a soka tsinke a ramin bayanta, ta manta komai."

Ba wanda ya kalli Hajiya. Ta buɗe wayarta, ta tsura wa sunan ido. Ta dubi Lubabatu, ƙasusuwan wuyanta duk a waje.

"Umma," Ridwan ya fara.

"Miƙo."

Ta zare allurar da ta riƙe mayafinta. Ta yi bisimilla, ta soka, ta danne. Fitilun suka mutu gaba ɗaya, sannan suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Malam ya sa aljanar ta rantse ba za ta dawo ba. Lubabatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a tabarma. Da ta buɗe ido, muryarta ce, siririya.

"Umma, yunwa nake ji."

Ridwan ya karɓi wayar zai haɗa ta. Inda sunan yake, haruffa ne da lambobin kamfani.

"Wane suna za a sa, Umma?"

Tana dama wa Lubabatu kunu, ba ta juyo ba.

"Bar shi haka. In zan kira ɗana, na kira shi a sujada."