Mai Rarrafe a Gonar Malam Labbo

Da sanyin safiya Naja'atu ta fara ganinsa, a bakin fadamar mahaifinta da ke wajen Gummi. Tsinkar yakuwa ta zo yi, sai ga saurayi durƙushe cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, kyamara manne da fuska, yana yin gaba kaɗan yana dawowa baya kamar mai bitar karatu. A gefensa ya ɗaure wata 'yar fitila jikin kara. Karan ya karkace, Naja'atu ta cafe fitilar kafin ta faɗa taɓo.

"Allah shi biya ki," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Don Allah riƙe ta nan, kar ki motsa."

Yarinyar da ko Innarta sai ta maimaita mata magana, sai ga ta tsaye ƙiƙam. Haske ya walƙa. Sannan ya ɗago, ya ga wadda ya aika, kunya ta kama shi. Maimakon magana ya juyo mata bayan kyamarar.

Idon mazari ne ya cika hoton, ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma, kore da ruwan gwal, raɓa na rataye a gashin bakinsa. Naja'atu ta manta da yakuwa.

Sunansa Zayyad. Yana da shagon hoto a kasuwa, inda fasfo da bukukuwa ke ciyar da shi, amma zuciyarsa tana wurin abubuwan da mutane ke takawa su wuce. Ita kuwa ɗalibar aikin jinya ce da ta zo hutu, hutun da ya ƙare a kan kunyar shinkafa.

"In an matso kusa haka, kyamara ba ta iya nemo abu da kanta," in ji shi. "Sai in saita zoben gilashin wuri guda in bar shi, ni ka matsawa da jikina har idon shi hito tas. Wurin da ka hitowa bai kai kaurin ƙwayar shinkafa ba."

"To ni mi nika yi nan?"

"Hasken duka na hannunki. Fitilar ga ba ta da wayau, ƙarhin da na saita mata shi take badawa. Kin matso, hoto shi ƙone. Kin ja baya, shi yi duhu."

"Ashe dai ba ka iya komi sai da ni."

"Ni ma abin da na gano ke nan."

Da ta koma makaranta saƙo ya biyo ta: "Hasken Safiyata, yau na koma ɗaure fitila ga kara. Karan ba ya dariya, hotunan duk sun yi duhu."

Ta amsa: "Mai Rarrafe, kara ba shi da jarrabawa. Ka yi haƙuri. Na yi kewarka, amma kar ka gaya ma kowa."

Ta dawo, Zayyad ya fara zuwa zance ƙofar gida, Inna Habsu tana aiko masa da fura mai sanyi. Komai na tafiya daidai har Namadi dillalin shinkafa, wanda ya daɗe yana son Naja'atu ba ta kula shi, ya samu mahaifinta Malam Labbo a majalisa.

"Malam, yaron ga da ka zuwa gidanka, kullum shina rarrahe cikin gonarka da na'ura mai walƙiya. Irin ta masu neman zinari ta."

A gaskiya Namadi ya yarda da rabin abin da ya faɗa. Sauran rabin kishi ne.

Malam Labbo mutumin Yargalma ne. Shekarar da aka riƙa niƙa dutsen zinari cikin gidaje, ƙurar dalma ta ɗauke masa Jibo da Hure, ƙannen Naja'atu, a damina guda. Ya kwashe iyalinsa ya dawo Gummi, ya rantse ba zai haɗa jini da mai haƙar zinari ba. Don haka bai yi faɗa ba, ya dai kira 'yarsa ya ce maganar Zayyad ta ƙare.

"Baba, ƙwari yake ɗauka hoto. Ga su nan cikin wayata."

"Hoto ko'ina ana samu, Naja. Waɗanda sunka zo mana wancan lokaci su ma da bayani mai daɗi sunka zo."

Ta shiga ɗaki ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, sannan ta rubuta: "Baba ya ce kar ka sake zuwa. An ce mai wai zinari kake nema. Zayyad, ba ni iya auren da zai tada mai wancan ciwo, ba ni kuma iya rabuwa da kai."

Amsa ta zo: "Share hawayenki, Haskena. Tsoronshi gaskiya na. Ki roƙa mani Inna abu guda, ta lallashe shi ku hito gona da sassahe."

Yadda Inna Habsu ta yi da shi, ita kaɗai ta sani. Da safe dai sai ga Malam Labbo a fadama, fuska ba walwala, Naja'atu na biye. Zayyad ya tsuguna ya gaishe shi, ya zazzage jakarsa gaba ɗaya a kan ciyawa, sannan ya miƙa masa kyamarar da hannu biyu.

"Baba, ba ni son ka yarda da bakina. Ka duba da idonka."

Dattijon ya tattare rigarsa ya durƙusa gaban wata zangarniya mai fure.

"Duhu nika gani."

Zayyad ya haska 'yar tocila a kan zangarniyar. "Kar ka murɗa komi, Baba. Matsa a hankali. Ka wuce, ja baya kaɗan. In ya hito, riƙe numfashi ka danna."

Hoton farko ya fito dishi-dishi, na biyu ma haka. Malam Labbo ya yi tsaki, amma bai tashi ba. Naja'atu ta riƙe fitilar daga gefe, tana addu'a a zuci. Can sai dattijon ya tsaya cak.

Ɗigon raɓa ne a bakin furen shinkafa. A cikinsa ga fadamarsa duka ta kife, sama a ƙasa, kore a sama, ga wata 'yar mitsitsiyar mace da shuɗin mayafi tana miƙo hannu. Ya danna. Haske ya walƙa, amma bai cire ido ba sai da gwiwoyinsa suka jiƙe sharkaf.

"Tun da munka baro Yargalma," ya ce a hankali, "ban duƙa na dubi ƙasa ba sai da tsoro." Ya miƙa kyamarar yana goge ido da hannun riga. "Ka turo manyanka, ɗana."

Bayan an yanke shinkafa, Naja'atu ta gama makaranta, aka sa rana. Namadi ma ya zo ɗaurin auren, ya zauna can baya yana cin goro kamar shi ya yi masa laifi. An zaci ƙanen Malam Labbo ne zai yi waliccin kamar yadda aka saba, amma dattijon ya ce shi da kansa zai yi.

Da aka shafa fatiha ya kamo hannun Zayyad ya riƙe gam.

"Biyu an karɓe mani ban shirya ba. Wagga ni na ba da ita, da hannuna, raina kwance. Allah shi ba ku zaman lahiya, shi raya abin da za ku haihwa."

Zaure ya amsa da amin. A cikin gida Inna Habsu ta ji ta bakin mata, ta rungume 'yarta, suka yi ta kuka suna dariya.