Farin Yunifom ɗin Kellumi

"Ko ni ko karatun nan, Hamajoɗa! Ka zaɓa!"

Dada ce ke faɗa a tsakar gidansu na Jimeta, tana nuna farin yunifom ɗin da ke shanye a kan igiya. Kellumi, matar ɗanta, ta durƙusa tana hawaye.

"Dada, ki yi haƙuri. Wata ƙungiya ce ta biya kuɗin makarantar saboda iyaye marasa ƙarfi irinmu. In na gama karatun jinya, ko abincin yaran nan..."

"Rufe min baki! Ki tafi gidanku, ran da kika ajiye farin kayan nan kya dawo."

Hamajoɗa direban keke mai ƙafa uku ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, bai taɓa musa wa uwarsa ba tun da suka gudo daga Mubi. Shi da kansa ya kai Kellumi gidan iyayenta a Makama, cikin Yola. Ko kallon juna ba su iya yi ba a hanya.

Wayyo, kewa ba ta da kyau! Kellumi ta rame. Da ta ji ƙarar keke a lungu sai gabanta ya faɗi. Tana son mijinta, tana son ɗakinta, kuma karatun nan shi ne tsanin da take ganin zai fid da 'ya'yanta daga wahala.

Ran Litinin ta fito za ta makaranta, sai ga Hamajoɗa a ƙofar gida yana goge kujerar kekensa.

"Baban Nuru! Me ya kawo ka?"

"Fasinja nake nema, Hajiya. Dada ta hana ki gida, amma ban ji ta hana ni sana'a ba."

Ta yi dariya har da ƙwalla. Tun daga ranar kullum shi ke kai ta. Tana baya tana haddar darasi, yana satar kallonta ta madubi, sai ka ce saurayi da budurwa. A bakin get ɗin makarantar ya kan ce, "Yaushe za ki dawo min?" Ita kuwa ta ce, "Ran da Dada ta yarda. Ba zan shiga gidanta da fushinta ba." Duk Juma'a kuma sai ta ba shi miyar kuka ya kai wa tsohuwar.

To, ai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wata safiya Kellumi ta fito tsaf cikin farin kayanta, sai ta ga Dada zaune a bayan keken, Hamajoɗa na ta gumi. Ashe tsohuwar ce ta shige ta ce ya kai ta inda yake zuwa kullum.

Dada ta ƙura mata ido. Can ta ce a hankali:

"Latifa..."

Latifa ƙanwar Hamajoɗa ce, wadda a gidan ba a ambatar sunanta.

"Haka ta fita," in ji Dada cikin kuka. "Farin kaya, farin hijabi, ta ce min za ta rubuta jarrabawa ta dawo. Ranar 'yan ta'adda suka shiga Mubi. Har yau ban ga 'yata ba, ban ga kabarinta ba. Ba ƙin ki nake ba, Kellumi, tsoro nake!"

Kellumi ta riƙe hannunta. "Dada, mu je tare."

Suka je. Kellumi ta shiga aji, Dada kuwa ta shimfiɗa mayafinta a gindin darbejiyar bakin get. Hamajoɗa ya yi magiya ya mai da ita gida, ta ƙi.

"Na ga shigarta, sai na ga fitowarta."

Bayan azahar ɗalibai suka fara fitowa. Dada ta miƙe tana leƙe, tana jan carbi. Can sai ga Kellumi da sauri.

"Dada, na dawo."

Tsohuwar ta rungume ta ƙam, ta daɗe ba ta sake ta ba. Sannan ta juya ga ɗanta tana share ido.

"Kai kuma tsayuwar me kake? Jimeta za mu, dukkanmu. Gobe ka tashi da wuri, kada ka sa min yarinya ta makara."

Mahaƙurci mawadaci. Da Kellumi ta rama faɗa da faɗa, da ba ta taɓa sanin cewa fushin Dada kuka ne da ya rasa mai saurare ba.