Ɗan Wanda Ake Ƙara

A harabar kotu suka fara haɗuwa. Motarta ta ƙi tashi, tana ta murɗa makulli kamar mai faɗa da shi, sai wani dogon saurayi ya leƙo ya ce ta buɗe bonet. Waya biyu ya taɓa, mota ta tashi.

"Na gode, Injiniya."

"Godiya kawai, Barista? Ba ni lambarki, ko don lafiyar motar."

Ta ba shi. Shekarunta nawa tana shari'ar motocin haya da na kaya, amma mai spana bai taɓa burge ta ba sai ranar. Kafin wata ya ƙare, hirar mota ta koma hirar aure.

Sai ga wata shari'a. Babbar motar kaya ta tsinke birki ta rushe shagon wata bazawara, Barista ce ke tsaya mata. Ranar zaman farko ta ɗaga kai, ta hango Injiniya zaune bayan dattijon da ake ƙara, mai kamfanin motar. Mahaifinsa ne, Injiniya kuma shi ke kula da garejin kamfanin.

Ƙa'idar aikinsu a fili take: lauya ba ya zancen bayan fage da ɗaya ɓangaren. Saƙo ɗaya ta tura masa: "Sai bayan shari'a." Daga nan ta kame bakinta.

Shi kuwa ya ɗauka korarsa aka yi. Ya rubuto: "Baristata, in laifi na yi ki faɗa min in roƙi sassauci. Shirun nan ya fi hukunci zafi."

Ta karanta, ta kife wayar. Kewarsa ta dame ta ƙwarai, amma ba ta amsa ba.

Ranar da dattijon ya shiga akwatin shaida, ta titsiye shi da tambaya har ya amsa da bakinsa cewa direba ya sha kawo ƙorafin birkin. Bazawara ta yi nasara.

Tana fita ta kira Injiniya. "Mai spana, yanzu ina da baki."

"Baba ya ce ko sunanki kada in ambata a gidansa," ya ce, muryarsa a sanyaye.

Ba ta aiki kowa ba, da ƙafarta ta je gidansu. Ta durƙusa ta gai da dattijon, ya amsa a daƙile.

"Kin san ɗana ne, kika yi min haka gaban jama'a?"

"Na sani, Baba. Matar nan ni kaɗai gare ta. Da na sayar da ita don ɗanka, yaya za ka yarda ka ba ni amanarsa?"

"To haƙuri kika zo ba ni?"

"Gaisuwa na zo, Baba. Kuma ina son ɗanka."

 Dattijon ya kira Injiniya, wanda dama ke laɓe bayan ƙofa.

"Je ka gaya wa baffanninka su shirya. Wannan gara tana cikin gidanmu da a ce tana wancan ɓangaren."

Ranar auren, bazawarar nan tana sahun gaba cikin 'yan rakiyar amarya. Dattijon ya sa ango da amarya a gaba ya yi musu addu'a mai tsawo, sannan ya dafa kafaɗar ɗansa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma, in gardama ta haɗa ku, ka ba ta gaskiya da wuri. Ni na gwada."