Sirdin da Ba a Gwada Ba

Ranar Asabar ce, an tashi kasuwar dawaki ta Tolo, rana ta faɗa bayan giginyu. Daeng Tompo yana zaune a ƙarƙashin gidansa na katako da aka kafa kan dogayen ginshiƙai, inda yake ɗinkin sirdi, matarsa Daeng Kebo tana sama tana kwashe shinkafa. Ladan bai gama kiran magariba ba dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Aka ce yara ne. Na biyu a tsakiyar ɗaki ya faɗo, rufi kuwa ko huda babu, da Daeng Kebo ta taɓa shi sai ta ji shi da ɗumi kamar jikin dabba.

Duk yankinmu an san hannun Daeng Tompo. Ba ya sayar da sirdi sai ya ga dokin, ya lanƙwasa kwagiri a doronsa ya ɗauki siffar bayan, sannan ya cusa audugar rimi daidai inda ƙashi ya turo. Ga shi da baki, Allah ya shirye shi. Masu sayen sirdin kanti yakan ce musu su haɗa wa dokin da likkafani. Amma shi ma ɗan Adam ne, kuma a daminar nan kasuwa ta juya masa baya.

Tun daga ranar, kowace magariba sai jifa, sai ƙarar kofato tana zagaya ginshiƙan gidan, alhali ba su da doki. Daga baya abin ya koma kan Rannu, 'yarsu tilo. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta yi tsit. Da rana ta yi ta barci kamar wadda ta sha doguwar tafiya, da yamma ta durƙusa ta dafa ƙasa, gumi yana zuba, bayanta yana lotsawa. Uwar ta ɗaga rigarta, ta ga miki biyu ɗanyu a ƙasan kafaɗu. Daeng Tompo ya duba sau ɗaya ya kau da kai. Ya san mikin, irin wanda matsattsen sirdi yake yi ne. Tsoro ya cika shi, amma ya ɓoye wa matarsa abin da ya gane.

Man asibiti bai yi komai ba, miki sai faɗi yake. Da Daeng Kebo ta ga 'yarta tana ƙarewa, ba ta nemi shawarar kowa ba, ta je ta ɗauko Guru Sikki, tsohon malamin masallacin bakin teku.

Guru ya zauna kusa da kan yarinyar yana karatu a hankali, har inuwa ta cinye ɗakin. Can sai bakin Rannu ya buɗe, muryar wani tsoho ta fito, mai kauri, mai haki.

Guru ya ce, "Me kake nema a jikin 'yar mutane?"

"Tambayi mai sirdi."

Mai sirdi bai ɗago kai ba, don haka muryar ta faɗa da kanta. Ashe aljani ne. Ya ce ya zo wa Daeng Tompo a siffar dattijo ana tashin kasuwa, ya roƙe shi ya je bayan tudu ya gwada bayan goɗiyarsa. Daeng Tompo ya ce masa shi ba yaro ba ne, a faɗa masa tsayinta kawai. Ya sauko da wani sirdi da mai shi ya ƙi karɓa, ya rantse daidai ne.

"Bayan goɗiyata ya ruɓe. Ni ba na taka ƙasa. Na hau abin da yake nasa."

Guru ya ce wa aljanin ya ji tsoron Allah, yarinya ko allura ba ta riƙe ba. Ya yi masa tayin sabon sirdi, aljanin ya ce ba bayan da za a ɗora shi. Ya yi masa tayin doki daga kasuwa, aljanin ya yi dariya, ya ce dokin mutane ba ya ɗaukarsa. Guru ya ɗaga murya da karatu, jikin Rannu ya shiga karkarwa, aljanin ya ce a ƙone shi in ana so, amma da ƙashin bayanta zai tafi.

Daga ƙarshe aljanin ya ce, "Zan sauka. Amma gida da nisa, sai an kai ni."

Wani abu ya faɗo tim a tsakiyar ɗaki. Sirdin ne, audugarsa duk jini. Guru bai kalli kowa ba.

Daeng Tompo ya tuɓe riga, ya durƙusa, ya ce, "Ɗaura min, Kebo."

Ta ja majayi tana kuka. Guru ya sa aljanin ya rantse ba shi ba gidan nan har abada. Rannu ta sulale ƙasa, a take uban ya yi nishi, bayansa ya lotsa. Haka ya sauka daga matakala ya nufi tudu, Guru yana binsa da karatu.

Sai da hantsi suka dawo, Guru yana riƙe da Daeng Tompo, ba sirdi. Mai sirdi bai ƙara miƙewa sosai ba har ya koma ga Allah. Da suka iso, Rannu tana zaune a bakin matakala tana cin ayaba, ba ta tuna komai. Ta ga bayan ubanta, ayabar ta suɓuce mata.

"Baba, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Ya ce, "Ɗinkina ne, 'yata. Kawo ruwan ɗumi."