Yatsu Biyun Da Ba Su Ji Zafi Ba

Hannun Kausara ne ya yi rawa, shi ya sa kokon ya zube.

Shakiru ya zo gaishe da iyayenta a gidansu na unguwar Dichemso da safiyar Asabar, saura 'yan makonni a ɗaura musu aure. Yana zaune kan tabarma gaban mahaifinta, Malam Abdul-Karim, ya dafa ƙasa da hannun dama, hannun riga ya rufe rabinsa. Gwaggo Ajara, yayar Malam, tana gefe a kan kujera tana ƙare masa kallo, kamar yadda take yi wa duk wanda zai shigo danginsu.

Kokon nan da Kausara ta kawo masa, daga kan wuta aka sauke shi. Ya malala a kan tabarma, ya bi gefen hannun Shakiru, ya kwanta a kan yatsunsa biyu na ƙarshe yana tururi.

Shakiru bai motsa ba. Ya ci gaba da ba Malam labarin aikinsu na gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai, har da murmushi.

Kausara ta daskare da faranti a hannu.

"Yaro," in ji Gwaggo a hankali, "janye rigar nan in ga hannunka."

Sai a lokacin ya duba ƙasa. Fuskarsa ta sauya. Ya janye rigar saboda babu yadda zai yi, kowa ya gani: ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun lanƙwashe kamar ƙafar kaza, bayan hannun ya rame, ramuka sun fito tsakanin ƙasusuwa. Fatar ta fara tashi inda kokon ya taɓa, shi kuwa ko uffan.

"Innalillahi..." Gwaggo ta ja kujerarta baya. "Abdul-Karim, kuturta ce."

Ta ce ta san ta tun tana yarinya a Maraɗi, haka take farawa, yatsu su naɗe, wuta ta ci mutum bai sani ba. Ta ce su dangi ne masu bincike kafin su ba da 'ya, ba a taɓa haɗa jini da wannan ciwo a gidansu ba, kuma ba za a fara a kan Kausara ba. Shakiru ya miƙe, ya yi sallama, ya tafi ko takalminsa bai saka daidai ba.

Da la'asar Kausara ta hau trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa Magazine. Ta same shi a bayan wata tsohuwar bas, zaune kan taya, ba ya aikin komai.

"Me ya sa ka ɓoye mini, Shakiru?"

"Saboda ni ma abin da Gwaggo ta faɗa nake zato." Bai ɗago kai ba. "Sifana faɗuwa take yi daga hannuna. Masta ya daina ba ni aikin injin. Kullum sai in ce gobe zan gaya miki... in na ga fuskarki sai in kasa."

"Masoyina, ba ni hannun."

"Kar ki taɓa, Kausara."

Ta kama shi duk da haka. Ta juya tafin sama, sai ta ga wani tabo fari a wuyan hannun, ta gefen ƙaramin yatsa. Ta tambaye shi na mene ne. Ya ce ba komai ba ne, gilashin mota ne ya yanke shi tun kafin azumi. Abokan aiki suka zuba masa man birki kamar yadda suka saba yi wa duk wanda ya ji ciwo, suka ɗaure da tsumma, aka ɗinke masa a wani shagon magani. Ciwon ya warke lafiya lau, shi ya sa bai taɓa haɗa shi da yatsun ba.

Da ta koma gida ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka, ta roƙe shi abu ɗaya: kada a fasa sai likita ya gani. Malam ya yarda, ya ce da kansa zai raka su. Gwaggo ta ce ita ma ƙafarta ƙafarsu, don kada a dawo a shirya mata labari.

Likitar da ta duba shi a babban asibitin da ke kusa da unguwar Bantama 'yar ƙabilar Asante ce, amma ta iya Hausar Zango, tana haɗawa da yarenta na Twi in kalma ta ƙwace mata. Ta fara duba fatar bayansa da fuskarsa da ƙafafunsa, ba ta ga tabon komai ba. Sannan ta ce ya rufe ido, ta ɗauki auduga tana shafa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Babban yatsa ya ji. Manuni ya ji, na tsakiya ma ya ji. Da ta zo kan yatsan zobe, ta shafa gefen da ke kallon na tsakiya, ya ce ya ji. Ta shafa ɗaya gefen, shiru.

"Yatsa ɗaya?" Gwaggo ta matso ba ta sani ba. "Rabi da rai, rabi babu?"

Likita ta ce haka Allah ya raba aikin. Ta bayyana musu cewa manyan jijiyoyi uku ne ke kai saƙo hannu, kuma ba su ne na jini ba, sun fi kama da wayoyin mota. Ɗaya tana bi ta bayan dantse, ita ke ɗaga wuyan hannu, in ta lalace sai hannu ya riƙa lilo. Ta biyu tana ratsa tsakiyar wuyan hannu, ita ke kula da babban yatsa da maƙwabtansa. Ta uku tana bi ta bayan gwiwar hannu, ita ce ke ba mutum zirr in ya bugu a wurin, ta gangaro ta gefen ƙaramin yatsa. Ita ke ba da ji ga ƙaramin yatsa da rabin na zobe, ita ke motsa ƙananan tsokoki na cikin tafi.

Ta sa masa takarda tsakanin yatsu ta ce ya riƙe. Ta zare ta ba tare da wahala ba. Sannan ta ɗora yatsanta a kan tabon.

"Nan gilashi ya yanke ta. An ɗinke fata a sama, an bar jijiya a tsinke a ƙasa." Ta dubi Gwaggo. "Saboda haka, Maame, wannan ba kuturta ba ce. Ita ma kuturtar yanzu tana da magani."

Kausara ta saki numfashi, hawaye suka zubo mata. Amma likita ba ta gama ba. Ta ce an daɗe, tsokokin sun fara bushewa, dole a yi aiki da wuri a haɗa jijiyar. Ta ce jijiya a hankali take tsirowa, watanni za a yi ana gashi da motsa yatsu kullum, kuma ba za ta yi musu alkawarin hannun zai koma yadda yake ba.

Shakiru ya kalli hannunsa kamar na wani. A barandar asibitin ya tsuguna gaban Malam.

"Baba, na gode da karamci. Amma makanike marar hannu... me zai ciyar da ita da shi? Na sauke muku nauyi."

"Ba kai za ka sauke ni ba," Kausara ta ce. "Ni zan yi maka gashin. Kullum zan zo."

"Ki zo ina?" Gwaggo ta katse ta. "Ɗakin namiji a Suame, kina murza masa yatsu safe da yamma, babu aure? A gidan wa aka taɓa yin haka?"

Kausara ta sunkuyar da kai.

Gwaggo ta gyara mayafinta, ta juya wajen ƙaninta ba tare da ta kalli Shakiru ba.

"Uwarsa tana can arewa, ba shi da mai jinya. Ka kira liman, Abdul-Karim, a ɗaura Juma'ar nan. Biki ya jira hannun. Kai kuma tashi daga ƙasa, kana tara mana mutane."

Malam ya yi murmushi a karon farko tun ranar Asabar. Shakiru ya rufe fuska da hannun hagu, kafaɗunsa na girgiza.

An ɗaura bayan sallar Juma'a, da goro da dabino, babu kiɗa. Sati na zagayowa aka shiga da shi ɗakin tiyata. Da aka fito da shi, hannun a naɗe fari har gwiwa, wata nas ta tare ƙofa ta ce mutum ɗaya kawai zai zauna da shi, kuma sai na jikinsa. Ta dubi Kausara ta tambaye ta wace ce ita a wurinsa.

Kausara ta buɗe baki, kunya ta riƙe ta. Gwaggo ta zungure ta a baya.

"Ni ce matarsa," ta ce.

Nas ta matsa gefe.